Hasashen Masu Karatu a Kan Labarin Harry Potter: Wanne Ne Mai Tushe, Wanne Ne Shaci-faɗi?

Wata malama da ke kula da ƙungiyar karatu a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada a Kaduna ta aiko da tambaya. Ta ce ɗalibanta sun kammala littattafai bakwai na labarin Harry Potter, wanda J.K. Rowling ta rubuta, amma maimakon gardama ta kwanta, sai ma ƙara zafi ta yi. Wasunsu sun kafe a kan cewa Dumbledore, shugaban makarantar sihiri ta Hogwarts, shi ne Mutuwar da aka ambata a tatsuniyar 'yan'uwa uku, wasu sun ce muguntar iyalin Dursley, waɗanda suka riƙe Harry, aikin sihiri ne, ba halinsu ba ne, wasu kuma sun dame ta da tambayar abin da ke bayan labulen da Sirius, aminin mahaifin Harry, ya faɗa ciki, da wanda ya kashe Ariana, ƙanwar Dumbledore, da inda aka ajiye Harry a yinin farko bayan kisan iyayensa. Tana son ta san wanne ne gaskiya, da kuma ko ta ƙyale su su ci gaba ko ta tsawatar.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Wanda bai gama karanta littattafan ba gara ya dakata a nan, domin babu yadda za a auna waɗannan hasashe ba tare da an tona ƙarshen labarin ba.

Tambayoyin nan da yaranki suka jibga miki ba jinsi ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su wuri guda shi ne ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Akwai ƙullin da marubuciya ta ɗaura da niyyar warware shi a gaba, ta kuma watsa alamunsa a kan hanya domin mai lura ya tsinta. Akwai ɓarakar da ta auku saboda mantuwa ko kuskuren lissafi, wadda ita kanta marubuciyar ba ta san da ita ba sai da masu karatu suka nuna mata. Sannan akwai ƙofar da ta rufe da gangan saboda labarin ya fi nauyi idan tana rufe. Abin da ke raba su shi ne rubutun da ke cikin littafin kansa, kuma duk hasashen da ba zai iya nuna shafin da ya dogara a kansa ba, komai daɗinsa a kunne, hira ce kawai.

Ya kamata yaran su san cewa wannan al'ada ta hasashe ta samo ƙarfinta ne daga jira. Littafi na farko ya fito a Ingila a 1997, na bakwai kuma a watan Yulin 2007, kuma tsakanin na huɗu, wanda ya fito a 2000, da na biyar, wanda ya fito a 2003, sai da masu karatu suka yi shekara uku suna zaman jiran tsammani, a daidai lokacin da intanet ta fara shiga gidajen mutane a Turai da Amurka. Duk wanda ya taɓa karanta kashi na ɗaya da na biyu na wani littafin Hausa, ya yi ta zarya wurin mai sayar da littattafai yana tambayar ko na uku ya iso, ya san abin da jira ke sa zuciya ta ƙirƙiro. Bambancin kawai shi ne waɗancan sun sami wurin da dubban mutane za su haɗa abin da kowa ya tsinta.

Misalin da ya fi dacewa ki fara nuna wa ɗalibanki shi ne na haruffan R.A.B., domin a nan ne aka ga hasashe ya yi aiki yadda ya kamata. A ƙarshen littafi na shida, wanda ya fito a Yulin 2005, Harry ya tsinci abin wuyan nan mai murfi da shi da Dumbledore suka ɗauko daga kogo bayan sun sha baƙar wahala, sai ya tarar na jabu ne, da 'yar takarda a ciki. Mai takardar ya ce shi ya sace ainihin ma'ajiyar kurwar Voldemort, mugun matsafin da ya kashe iyayen Harry, yana kuma da niyyar lalata ta, sannan ya sa hannu da haruffa uku kawai. Masu karatu ba su tsaya zato ba, komawa suka yi baya suna bincike. Sun lura cewa takardar ta kira Voldemort da laƙabin da mabiyansa ne suka saba kiransa da shi, ke nan mai rubutun ɗan gida ne. Sun tuna cewa a littafi na biyar Sirius Black ya nuna wa Harry sunan ƙaninsa Regulus a jikin kyallen da aka saƙa salsalar gidansu, ya ce ya shiga cikin mabiyan Voldemort, daga baya ya nemi ja da baya, ya rasa ransa. A cikin wannan babin dai, lokacin da ake sharar gidan ana fitar da tarkace, an ambaci wani abin wuya mai nauyi da duk aka kasa buɗewa, an ambace shi ne cikin jerin shirgi, a rabin jimla, aka wuce. A littafi na shida kuma Harry ya kama Mundungus Fletcher da kayan da ya kwaso daga wannan gida, wanda ya ba da hanyar da abin wuyan zai iya bi ya fita.

Hujjar da ta rufe bakin masu musu ta zo ne daga inda ba a zata ba. A bugun harshen Holan an mayar da sunan iyalin Black zuwa Zwarts, sai ga shi sa hannun takardar ya koma R.A.Z.; a bugun Nowe, inda sunan ya zama Svaart, sa hannun ya koma R.A.S. Da littafi na bakwai ya fito, sai ya tabbata cewa Regulus Arcturus Black ne, kuma abin wuyan da aka kasa buɗewa shi ne na gaskiyar, Mundungus kuwa shi ya fitar da shi. Abin lura a nan shi ne hasashen ya tsaya a kan shaidu da dama da ba su dogara da juna ba, ya bayyana abubuwan da a da ba su da dalili, kuma ya faɗi abin da zai faru a gaba ta yadda da ya saɓa, kowa zai ga ya faɗi ƙasa.

Sai dai wannan dabara ta tsintar ƙananan alamu ita ce kuma ta kai mutane ta baro a wani wurin. A babin farko na littafi na biyar an ambaci wani yaro ɗan shekara goma mai suna Mark Evans, wanda Dudley, ɗan gidan Dursley, ya lakaɗa wa duka. A cikin littafin nan ne kuma aka bayyana cewa Evans shi ne sunan gidan su Lily, mahaifiyar Harry. Mutane suka ce ai shi ke nan, ɗan'uwan Harry ne, kuma tun da shekararsa goma, baɗi zai shiga Hogwarts. A 2004 marubuciyar, J.K. Rowling, ta fito ta ce yaron ba kowa ba ne, suna ne gama-gari da ta ɗauka ba tare da ta yi tunanin abin da zai jawo ba. Shaida ɗaya tilo, wadda ba ta da mai mara mata baya a wani shafin, ba ta isa a gina komai a kanta ba.

Batun iyalin Dursley ba ya bukatar dogon zama. Masu wannan ra'ayi suna cewa tun da akwai ɓangaren kurwar Voldemort a jikin Harry, kuma an ga yadda abin wuyan nan ya gurɓata zuciyar Ron, abokin Harry, a littafi na bakwai duk lokacin da ya rataya shi, to zama da Harry shekara goma ne ya lalata halin Vernon Dursley da matarsa Petunia, 'yar'uwar mahaifiyar Harry. Babin farko na littafin farko ya rushe wannan gaba ɗaya, domin an nuna mana su kafin jaririn ya iso ƙofarsu: Petunia ta riga ta yanke zumunci da 'yar'uwarta har tana yi kamar ba ta da ita, Farfesa McGonagall kuwa da ta yini a kan katanga cikin siffar kyanwa tana kallonsu, ta roƙi Dumbledore kada ya bar yaron a hannunsu. Ron ya kwana ɗaki ɗaya da Harry shekara shida bai zama mugu ba, yayin da Marge, 'yar'uwar Vernon, wadda ba ta ganin Harry sai jefi-jefi, ta fi kowa baƙar magana. Littafi na bakwai ma ya ba da dalilin da ya fi wannan sauƙi da ban tausayi: tun suna yara Petunia ta rubuta wa Dumbledore wasiƙa tana roƙon a ɗauke ta a makarantar kamar yadda aka ɗauki Lily, aka ba ta haƙuri. Hassada ce da ta daɗe tana cin ta. Ina ganin abin da ke jan yara zuwa ga wannan hasashe shi ne suna ƙin yarda cewa mutum zai wulakanta marayan da ke hannunsa ba tare da an yi masa asiri ba, alhali littafin yana gaya musu cewa hakan na faruwa.

Idan wani cikinsu ya kawo miki zancen cewa Ron shi ne Dumbledore da ya dawo daga wani zamani, ki gaya masa littafi na bakwai ya kawo tarihin iyayen Dumbledore da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya ce duk labarin mafarki ne da Harry ya yi a ɗan lungun da ake kulle shi ƙarƙashin matakala, ki tambaye shi wane shafi ne zai iya ƙaryata wannan magana. Zai ga babu, kuma wannan shi ne aibinta, domin ana iya liƙa ta a kan kowane labari da aka taɓa rubutawa a duniya.

Yinin da ya ɓace kuwa tambaya ce mai kyau, kuma yaron da ya gano ta da kansa ya cancanci yabo. An kashe iyayen Harry a daren 31 ga Oktoban 1981, kamar yadda aka rubuta a kan kabarinsu a littafi na bakwai. Hagrid, mai kula da harabar Hogwarts, ya ce ya ciro jaririn daga rusasshen gidan tun kafin maƙwabta su taru. Amma littafin farko ya nuna mana yini guda cur: Vernon ya tafi aiki da safe, ya ga mujiyoyi suna shawagi da rana tsaka, ya ga mutane cikin alkyabbu suna raɗe-raɗin murna, ya dawo gida ya kwanta, sai tsakar dare Hagrid ya sauko a kan babur mai tashi da yaron a hannu. Ko da an ce tafiyar tana da nisa, tun da ya ce yaron ya yi barci suna wucewa ta saman Bristol, ba tafiyar da za ta cinye kusan awa 24 ba ce. McGonagall ma ta amsa cewa Hagrid ne ya gaya mata inda za ta sami Dumbledore, ke nan ta ji daga gare shi kafin ta je ta zauna a kan katangar tun da safe. Masu hasashe sun cike wannan giɓi da abubuwa iri-iri: wasu sun ce an kai yaron Hogwarts an duba lafiyarsa, wasu sun ce Dumbledore ya yini yana shirya kariyar da za ta tsare gidan Petunia, wasu sun ce an ɓoye shi ne har a ga inda mabiyan Voldemort suka dosa. Kowanne yana iya yiwuwa, amma babu wanda ke da layi ɗaya a littafin da zai nuna.

A ganina wannan ɓaraka ce. Marubuciyar tana bukatar yini guda domin mai karatu ya ga duniyar sihiri ta idon mutumin da ya tsane ta, tana kuma bukatar dare domin a ajiye jariri a bakin ƙofa ba wanda ya gani, sai ta haɗa biyun ba ta ƙirga awowin ba. Abin da ke ƙarfafa mini wannan shi ne babin ya ce ranar Talata ce, alhali 1 ga Nuwamban 1981 ranar Lahadi ta kama, kuma babu wani littafi daga cikin shida da suka biyo baya da ya waiwayi wannan yini kamar yana ɓoye da wani abu, saɓanin abin wuyan nan da aka yi ta komawa kansa. Ɗinke ɓaraka wasa ne mai daɗi, kuma ya girmi Harry Potter nesa ba kusa ba. A labaran Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle, littafin 1887 ya ce an harbi Dakta Watson a kafaɗa a yaƙin Afganistan, na 1890 kuma ya ce ƙafarsa ce ke ciwo saboda harsashi, kuma tun daga laccar barkwanci da Ronald Knox ya gabatar a Oxford a 1911 masoya labaran suke ƙirƙiro dalilan da za su daidaita irin waɗannan saɓani. Su dai sun san wasa suke yi. Abin da za ki kiyaye shi ne kada yaro ya ɗinke ɓaraka da zarensa, sannan ya dawo yana rantsuwa cewa haka rigar ta zo daga wurin tela.

Labulen wani abu ne daban. A littafi na biyar, a cikin Sashen Asirai na Ma'aikatar Sihiri akwai wani ɗaki mai kujerun dutse da suka gangara hawa-hawa zuwa tsakiya, inda wata tsohuwar ƙofa mai baka take tsaye ita kaɗai ba bango, da baƙin labule yagagge yana motsi ko da babu iska. Harry ya ji raɗa daga bayansa, Luna ma ta ji, Neville da Ginny suka tsaya suna kallonsa kamar an ɗaure su, Hermione kuwa ba ta ji komai ba, tsoro ne ya kama ta, ta yi ta janye su. Daga baya Bellatrix, ɗaya daga cikin mabiyan Voldemort, ta harbi Sirius da sihiri, ya faɗa ta cikin labulen, bai fito ta ɗaya gefen ba.

Na taɓa zama a wata ƙungiyar karatu irin taki a nan Kaduna inda 'yan mata biyu suka yi ta ja-in-ja a kan wannan wuri. Ɗaya ta rantse cewa Bellatrix ta furta kalmomin kisa, ɗayar ta ce ba ta furta ba. Kwafi ɗaya ne a ɗakin, bangonsa ya rabu an liƙe shi da salatif, sai ta biyun ta karɓe shi ta yi ta buɗawa tana lasar yatsa har ta kai wurin, ta karanta da ƙarfi. Haske na farko ja ne, Sirius ya kauce yana dariya. Na biyu ya same shi a ƙirji, ba a faɗi launinsa ba, ba a kuma ce an furta komai ba, alhali sihirin kisa a ko'ina cikin labarin kore ne. Ashe ta farkon a fim ɗin 2007 ta ji kalmomin, a wayar yayanta. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin shi ne ya sa masu karatu da yawa suka yi shekara huɗu suna sa ran Sirius zai dawo. Littafi na bakwai ya yanke wannan fata lokacin da Harry ya juya dutsen kiran matattu a cikin daji, Sirius ya bayyana tare da iyayen Harry, James da Lily, da abokinsu Lupin.

Saura tambayar mene ne labulen. Wasu sun ce wurin zartar da hukuncin kisa ne a zamanin da, saboda ɗakin ya yi kama da kotu. Marubuciyar ta ce a wata hira a 2005 wurin nazari ne kawai. Wasu sun ce waɗanda suka taɓa ganin mutuwa da idonsu ne kaɗai yake ja, suna kafa hujja da Harry, da Luna wadda ta ga rasuwar mahaifiyarta tana da shekara tara, da Neville wanda ya ga ta kakansa. Wannan ya yi kusa, amma Ginny ta ɓata lissafin: labulen ya ja ta, alhali ba ta iya ganin dawakan nan masu fukafukai da sai wanda ya ga mutuwa ke gani, har sai da aka taimaka mata ta hau ɗaya a wannan daren. Wasu kuma sun ce daga jikin labulen aka yanko alkyabbar ɓacewa ta Harry, magana mai daɗin ji wadda ba ta da shafi. Abin da littafin ya yi da kansa shi ne ya tura Harry wurin fatalwar nan Nick, wanda ya kamata a ce ya fi kowa sani, sai Nick ya ce shi bai san komai game da asirin mutuwa ba, domin tsoro ne ya sa ya maƙale bai wuce ba. Sannan ya haɗa shi da Luna, wadda ba ta da hujja sai muryoyin da suka ji da kuma yaƙininta cewa za ta sake ganin mahaifiyarta. Marubucin da ya kawo shaidu biyu, ɗaya ya ce bai sani ba, ɗaya ta ce ta yi imani, ba mantawa ya yi da amsar ba. Ya ajiye mai karatu ne a wannan gefen labulen tare da Harry, kuma ko a babin tashar King's Cross, inda Harry ya fi kusantar mutuwa, da ya tambayi inda jirgi zai kai shi idan ya hau, amsar da ya samu ba ta wuce cewa gaba ba.

Mutuwar Ariana ita ce ta fi kowacce nuna ƙofar da aka rufe da gangan, kuma a nan nake ganin rubutun ya kai maƙura. Tana da shekara shida wasu yara uku marasa sihiri suka ci zarafinta, daga nan ta kasa riƙe ikon da ke jikinta. Mahaifinsu Percival ya ɗauki fansa a kan yaran, aka ɗaure shi a kurkukun Azkaban. Tana da shekara 14 abin ya ɓarke mata, mahaifiyarsu Kendra ta mutu, sai yayanta Albus, wato Dumbledore, ya dawo gida ya riƙe ƙannensa ba da son ransa ba. A wannan bazarar ce Gellert Grindelwald ya zo garin wurin 'yar'uwar kakanninsa Bathilda Bagshot, suka ƙulla abota da Albus, suka shiga mafarkin mulkin duniya, har ranar da Aberforth, ƙanen Albus, ya tare su, faɗa ya kaure tsakanin su uku, ƙura ta lafa aka ga Ariana a ƙasa. Ki lura da yadda labarin ya iso mana: ta bakin Elphias Doge mai kare abokinsa, da Muriel mai tsegumi, da Rita Skeeter mai neman kasuwar littafinta, da Aberforth mai ɗaci a rai wanda ya karya wa yayansa hanci a wurin jana'iza, sai a ƙarshe Albus da kansa. Biyu daga cikinsu ne kawai suke wurin, kuma dukansu sun ce ba su san sihirin wa ya same ta ba.

Masu hasashe sun raba laifin yadda suka ga dama, mafi yawa suna ɗora shi a kan Grindelwald tun da shi ya gudu, wasu a kan Albus tun da shi ya fi nadama, kuma bayan fim ɗin 2016 da ya kawo batun yaran da ikon da suka danne ke zame musu dodo, da yawa sun ce irin su ce Ariana. Amma Dumbledore ya gaya wa Harry cewa abin da ya sa ya yi ta jinkirin tunkarar Grindelwald har zuwa 1945, mutane suna ta mutuwa, shi ne tsoron kada Grindelwald ya san amsar ya faɗa masa. Littafin kuma ya faɗa a fili cewa Harry bai tambaye shi ko ya taɓa ganowa ba, domin ba ya son ya sani, kuma ba ya son ya tilasta wa tsohon ya faɗa. Idan aka ce Grindelwald ne, an wanke Dumbledore, jinkirinsa da ƙin karɓar muƙamin minista da ya yi ta yi sun rasa tushe. Idan aka ce shi ne, ya zama mai kisa da ke ɓoye laifi, wanda ba shi ne mutumin da aka gina mana ba. Rashin sanin shi ne hukuncin da ya rayu da shi, kuma duk wanda ya warware wannan tambaya ya rage wa labarin wani abu.

Hasashen da ya fi burge ɗalibanki, na Dumbledore da Mutuwa, wani nau'i ne na daban, domin ba ya neman cike giɓi, fashin baƙi yake yi. A tatsuniyar, babban wa ya nemi sandar da ba a cin ta da yaƙi, na tsakiya ya nemi dutsen da zai dawo masa da masoyiyarsa, ƙaramin ya nemi alkyabbar ɓacewa, ya tsufa, ya tarbi Mutuwa kamar tsohon aboki. Sai aka ce Voldemort ne na farko, Snape, malamin Hogwarts mai begen Lily, shi ne na biyu, Harry ne na uku, Dumbledore kuwa shi ne Mutuwa, tun da kayan uku duk sun bi ta hannunsa: shi ya ba Harry alkyabbar a littafin farko, shi ya bar masa dutsen cikin 'yar ƙwallon zinariya a wasiyyarsa, shi ya riƙe sandar tun 1945, shi ne kuma ya tarbi Harry a King's Cross. A watan Agustan 2015 marubuciyar ta rubuta a Twitter cewa hasashe ne mai kyau kuma ya dace da labarin. Na yarda yana da kyau, amma yana da gurgunta. Snape bai taɓa neman dutsen ba. Wanda ya gan shi hankalinsa ya gushe, ya zura zoben da dutsen ke jikinsa a yatsa domin ya ga iyayensa da Ariana ya nemi gafararsu, har la'anar da ke jikinsa ta ƙone masa hannu ta kusanto da ajalinsa, shi ne Dumbledore. Ta wannan fuskar ya fi kama da ɗan'uwa na tsakiya, kuma a ƙuruciyarsa ya yi kwaɗayin na farko.

Yaran za su ce miki ai marubuciyar ta amince. Ta yaba ne, ba ta ce abin da ta nufa ke nan tun farko ba. Ko da ta ce haka, masana adabi sun daɗe suna gardama a kan matsayin maganar marubuci bayan littafi ya bar hannunsa, musamman tun maƙalar Roland Barthes na Faransa ta 1967, wadda ta ce ma'ana tana hannun mai karatu. Ni ban kai can ba. Ina ɗaukar maganar marubuci a matsayin shaida mai nauyi a kan abin da ya yi niyya, kamar yadda ta kashe zancen Mark Evans, amma ba ta iya sa wa shafi abin da ba a rubuta a cikinsa ba, haka ma fim da wasan kwaikwayon da aka fara nunawa a Landan a 2016.

Game da ko ki tsawatar, ban ga dalili ba, muddin iyayen yaran sun san abin da suke karantawa kuma sun amince, domin na san akwai gidajen da ba sa son labarin da ya ƙunshi sihiri, kuma wannan haƙƙinsu ne. Abin da yaran suke yi shi ne ainihin abin da ake nema a darasin adabi, illa dai suna bukatar ƙa'ida. Duk mai kawo hasashe ya zo da littafi da babi, ya kawo shaida biyu da ba daga wuri ɗaya suka fito ba, ya kuma faɗi da bakinsa abin da idan aka samu a littafin zai janye maganarsa. Idan sabon rukuni ya fara karatun, ki riƙe littafi na bakwai a wurinki, kowa ya rubuta wane ne R.A.B. da kuma ɓangaren da Snape yake, ya sa a ambulan ya liƙe, a buɗe bayan an gama. Ba kuma sai littafin Turawa ba. Ki ba su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ki tambaye su abu ɗaya: duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe daga bakin Alhaji Imam muka ji shi, mutumin da suka yi ta ƙulla wa juna sharri, to a waɗanne wurare ne ya kamata mu yi shakkar mai ba da labarin, kuma wane shafi ne ya ba mu damar yin hakan?